Ruwan Sadaka da Haƙoran Bahijja

Daga:
Sa'adiyya Gali,
Gidan Malam Muttaka Tela,
Lungun Masu Zare, Ƙofar Na'isa,
Kano.

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Kula da Ruwan Sha na Unguwannin Cikin Ganuwa,
Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN RIJIYAR BURTSATSE TA BAKIN MASALLACIN LUNGUN MASU ZARE, DA ROƘON A DAKATAR DA JAN RUWANTA ZUWA ISLAMIYYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma ga Shugaba da sauran dattawan kwamiti, ni mai suna a sama, matar aure kuma uwar yara biyu, ina neman izinin gabatar da ƙorafina a rubuce. Na riga na kai shi da baki, mijina ma ya kai, kuma duk inda muka je abu ɗaya ake faɗa mana, wai mu yi haƙuri. Na yi haƙuri iya yina. Yanzu kuma ina so maganar ta shiga fayil, domin kada gobe wani ya ce bai ji ba.

1. A shekarar 2016, Alhaji Nata'ala, attajiri ɗan unguwarmu, ya haƙa rijiyar burtsatse a bakin masallacin lungunmu, ya ɗora mata tanki da famfuna, ya ce sadakatul jariya ce ga mahaifiyarsa, marigayiya Hajiya Nana Hauwa, Allah Ya jiƙanta da rahama. Kwamitinku ne ya karɓi rijiyar, kuma sunan kwamitin yana nan rubuce a jikin tankin, ƙasa da sunan marigayiyar. Ina so Shugaba ya sani tun daga farko cewa ban zo ɓata sunan Alhaji ba. Ranar da aka buɗe rijiyar ina amarya, ina cikin matan da suka leƙo ta zaure suna sa masa albarka. Kafin ita, ruwan rijiyar gida muke sha, mai zartsi, wanda da damina sai ya yi kalar shayi. Ruwan burtsatse kuwa fari ne tas, ba wari, ba ɗanɗano. Babu wanda ya tambaya ko an gwada shi, domin mun ɗauka tunda sunan kwamiti yana jiki, an yi duk abin da ya kamata.

2. A watan Maris na 2017 na haifi 'yata ta fari, Bahijja. Tun daga ranar da ta fara shan ruwa, ban taɓa ba ta wani ruwa ba sai na wannan rijiya. Ban yarda da na leda ba, ban yarda da na gidan biki ba, ko gidanmu za ni wajen iyayena sai na ɗura mata nata a gora. Kuma ba haka nan nake ba ta ba, sai na tafasa. A asibitin awo an gaya mana mu riƙa tafasa ruwan yara, ni kuma na ɗauki abin da gaske har makwabta suna yi mini dariya, suna kirana Baturiya. Nakan bar tukunya a kan wuta ta yi ta tafarfasa har ruwan ya ragu sosai, don a ganina mafi daɗewa shi ne mafi tsafta. Da shi nake dama mata koko, da shi nake yi mata kunun gyaɗa, da shi take shan magani. Haka muka yi har ta shiga makaranta.

3. Wajen ƙarshen shekarar 2023 Bahijja ta fara famfara. Haƙoran gaba da suka fito mata sun fito da dabbare-dabbaren fari kamar an goga alli, kafin Ƙaramar Sallah kuma sun koma ja-ja, da ƙananan ramuka a jikinsu. Ranar duba tsafta a makarantarsu aka fito da ita gaban layi, aka ce ta buɗe baki kowa ya gani, aka turo ta gida da saƙon cewa uwarta ta riƙa wanke mata baki. Ni da ban taɓa barin ta kwanta ba tare da buroshi da makilin ba. Na koma aswaki, na koma gawayi, na koma toka da gishiri, ina dirza yarinya tana kuka har dasashinta ya riƙa jini. Jan bai fita ba.

Daga nan sai unguwa ta nemo wa abin dalili. Kakar yarinyar, Gwaggo Larai, mahaifiyar mijina, tsohuwa ce mai cin goro, kuma kowa ya san Bahijja a ɗakinta take wuni. Sai aka ce ai Gwaggo ce take tauna goro tana sa wa jikarta a baki, irin na tsofaffin da. Gwaggo ta rantse ba ta taɓa yi ba. Mijina, wanda ganin bakin 'yarsa ya hana shi barci, ya yi wa mahaifiyarsa maganar da bai taɓa yi mata ba tunda ta haife shi. Washegari ta ɗaure kayanta ta koma wajen 'yarta a Ƙofar Mazugal. Mun je mun durƙusa daga baya, ta ce ta yafe, amma har yau ba ta dawo ba, ɗakinta yana nan a kulle. Yaran lungu kuma sun sa wa Bahijja suna Mai Goro. In ta wuce sai su ce ta sam musu na ƙwandala. Yarinyar da in tana dariya ana jiyo ta daga soro, yanzu in abu ya ba ta dariya sai ta ja hijabi ta rufe bakinta.

4. A ranar 11 ga Yuni, 2024, na kai ta wajen likitar haƙori. Likitar ta duba sau ɗaya, ba ta tambaye ni goro ba, ba ta tambaye ni buroshi ba, sai ta tambaye ni wane ruwa muke sha. Ta ce wannan ba datti ba ne, a cikin haƙorin abin yake, kuma ya shiga ne tun haƙorin yana ɓoye a cikin dasashi, shekaru kafin ya fito. Ta ce sunan abin da ya jawo shi fuloraid, wani sinadari ne da yake narkewa daga jikin dutsen ƙarƙashin ƙasa ya shiga ruwa. Kaɗan ɗinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a makilin, amma in ya yi yawa a ruwan da yaro yake sha kullum, sai ya lalata haƙorin da yake ginuwa, in abin ya daɗe kuma ya kai ga ƙashi.

Ina roƙon Shugaba ya yi mini uzuri in faɗi bayanin yadda ta yi mini shi, domin a taron da zan ambata a gaba an ce ban san abin da nake faɗa ba. Ta tuna mini darasin da muka yi a ajin kimiyya a sakandare, wanda na haddace don jarrabawa na manta: cewa kowane irin gishiri, har wanda muke sawa a miya, ɓangare biyu ne suka riƙe juna, ɗaya mai cajin fositif da ake kira katayon, ɗaya mai cajin negatif da ake kira anayon, kuma in gishirin ya narke a ruwa sai su rabu, kowanne ya shiga neman kishiyar cajinsa da zai manne wa. Fuloraid anayon ne. Abin da ya fi so ya kama shi ne kalsiyam, kalsiyam kuwa shi ne abin da jiki yake gina haƙori da ƙashi da shi. Ma'ana, abin da yake nema ya same shi a bakin 'yata.

Da na ce mata ai ina tafasa ruwan, sai ta ajiye abin hannunta. Ta ce tafasa tana kashe ƙwayar cuta ne, shi kuwa wannan ba rai gare shi ba balle ya mutu. Ta tambaye ni, in na bar miya a kan wuta ta ƙafe, gishirinta raguwa yake yi ko ƙaruwa? Ranka ya daɗe, a nan na gane abin da na shekara shida ina yi. Ruwan yana tafiya a tururi, shi yana zaune a tukunya yana ƙara ƙarfi, ni kuma ina sheƙa shi ya huce in miƙa wa yarinya da bismillah. Yaran da iyayensu ba su damu ba, masu shan ruwa a duk inda ƙishirwa ta kama su, nasu haƙoran da sauƙi. A duk lungunmu babu wanda nasa ya kai na Bahijja lalacewa. Kuma likitar ta ce haƙorin da ya riga ya fito haka, haka zai zauna, sai dai in ta girma a rufe shi da wani abu.

5. A watan Yuli na ɗebi ruwan a sabuwar gora daga famfon tsakiya, mijina ya kai ɗakin gwaje-gwaje. Sakamakon ya nuna fuloraid miligiram huɗu da ɗoriya a kowace lita, alhali iyakar da hukumomin lafiya suka yarda da ita ɗaya da rabi ce. Kwafin takardar yana manne da wannan wasiƙa. A ranar 5 ga Agusta muka kai wa jami'in duba-gari na kwamitinku, Malam Garba. Ya zo lungunmu bayan mako biyu, ba tare da kwalba ko wani abin awo ba. Ya tari ruwan a kofi, ya ɗaga shi sama ya duba a hasken rana, ya shanye a gaban jama'a, ya yi hamdala, ya ce shi dai bai ji komai ba. Mutane suka yi dariya. Malam Garba ya haura shekara hamsin, haƙoransa sun gama fitowa tun kafin a haife ni, kofi ɗaya ba abin da zai yi masa, kuma ina kyautata zaton ya san haka. Kafin ya hau babur ɗinsa ya bar wa matan lungu shawara, wai duk wadda take da shakka ta riƙa tafasawa sosai. Yanzu haka akwai gidajen da ba sa tafasawa a da, sun fara, saboda jami'i ya faɗa. Na bi su gida-gida ina roƙonsu su daina, suna ce mini tsakanina da ma'aikacin gwamnati wa za su ji.

6. A ranar 8 ga Satumba aka yi zama a zauren mai unguwa. Ni mace ce, ban shiga ba, mijina ne ya shiga da takardar, ni kuma ina daga cikin gida wajen matan mai unguwa, ina jin komai ta taga. Ba a karanta takardar ba. Abin da aka tattauna shi ne ladan Hajiya Nana Hauwa. Wani dattijo ya ce duk wanda ya sa aka rufe rijiyar nan ya yanke wa mamaciya ladan da yake isa gare ta a kabari, kuma zai haɗu da ita ranar gobe. Wani ya ce abin da aka yi don Allah, aka buɗe shi da saukar Alƙur'ani, ba zai cutar da kowa ba. Wani kuma ya ce matan yanzu in sun yi sakandare sai su riƙa ganin sinadari a cikin komai, ya shawarci Malam Muttaka ya kula da gidansa. Wakilin Alhaji Nata'ala ya ce ba za a kai wa Alhaji wannan magana ba, saboda yana fama da hawan jini, kuma rijiyar nan ita ce abin da ya fi so a duk abin da ya mallaka. Wakilin kwamitinku yana zaune a wurin, da shi aka shafa fatiha aka tashi.

Ni ba malama ba ce, amma na yi Islamiyya, kuma ban taɓa jin inda aka ce mamaci yana samun lada da abin da yake cutar da yara ba. Ban san Hajiya Nana Hauwa ba, amma Gwaggo Larai ta san ta, ta ce mace ce da ba ta iya cin abinci in ta ji kukan yaro a makwabta. Da sunanta aka kare rijiyar, ba a tambaye ta ba, ba kuma a tambayi ɗanta ba. Tun daga ranar zaman kuwa ɗinkin mijina ya ragu a unguwa, matan da muke zumunci da su sun daina aiko mini da goron suna. A wani sunan da na je ba gayya, na roƙi iyaye su buɗe bakin yaransu, na ga fiye da goma masu irin wannan dabbaren. Uwayen sun gani da idonsu, wasu har da hawaye. Da na ce su sa hannu a wannan takarda, kowacce ta ce sai ta tambayi maigida. Shi ya sa Shugaba zai ga hannu ɗaya kawai a ƙasa.

7. Abin da ya sa na kasa ƙara jira shi ne, an riga an haƙa rami an shimfiɗa bututu daga tankin zuwa Islamiyyar bayan masallaci, kuma an sanar a masallaci cewa za a buɗe famfunan ranar Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024, tare da walima. A makarantar akwai ajin 'yan shekara uku da huɗu, waɗanda haƙoransu na dindindin yanzu suke ginuwa a cikin dasashi. Ba za a ga komai a bakinsu bana ba, ko baɗi. Sai sun yi famfara, lokacin da babu sauran abin yi, sannan a nemo wata tsohuwa mai cin goro a ɗora mata. Bayan haka, 'yan ga-ruwa suna cika kurarsu a rijiyar tun asuba saboda kyauta ce, suna turawa unguwannin da ba su ma san sunan lungunmu ba.

8. Ina da ɗa na biyu, Nazeer, watansa goma. Nono yake sha, likitar kuma ta ce abin ba ya wucewa ta nono sai ɗan kaɗan, amma ya fara cin abinci, kuma yaye yana tafe. Duk daminar bana ruwan sama na tara masa. Nakan bar ruwan farko ya wanke kwanon rufi, sannan in tara a indararo, in tace, in tafasa, tunda shi babu wannan sinadari a cikinsa. Na cika duro ɗaya da randuna biyu, babu mai taɓa su sai shi da yayarsa. Ruwan sama ya ɗauke. Duron ya ƙare, randa ɗaya ta ƙare, ta biyun ta wuce rabi. In na kira ɗan ga-ruwa na tambaye shi daga ina ya ɗebo, sai ya faɗi abin da ya ga ina so in ji. Na leda ma ban san da wace rijiya aka yi shi ba. Ban san abin da zan dama wa yaron nan koko da shi ba in randar ta ƙare.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon Mai Girma Shugaba da ya yi waɗannan abubuwa:

Na ɗaya, a dakatar da buɗe famfunan Islamiyya har sai an gwada ruwan. In kwamiti bai yarda da gwajinmu ba, ya aiko nasa mutumin da kwalba, ya kai inda ya yarda da shi, a karanta sakamakon a masallaci kamar yadda aka sanar da walima.

Na biyu, a rubuta a jikin tankin, da Hausa da ajami, da manyan baƙaƙe, cewa ruwan na wanka ne da wanki da alwala, ba na sha ko girki ba. Ban ce a rufe rijiyar ba. A yi alwala da ita sau biyar a rana, ladan Hajiya ya ci gaba da tafiya.

Na uku, Malam Garba ya dawo lungunmu da kansa ya janye maganar tafasawa, a gaban mutanen da ya faɗa wa. Daga bakinsa suka ji, daga bakinsa kaɗai za su yarda.

Na huɗu, a gaya wa Alhaji Nata'ala gaskiya. Likitar ta ce akwai matatar da ake sa wa irin wannan rijiya, har da wadda ake yi da gawayin ƙashin shanu, ƙashi kuwa ba abin da ya fi shi yawa a mayankar garin nan. Mutumin da ya haƙa rijiya don mahaifiyarsa ba zai ƙi sa mata matata ba. Waɗanda suke ɓoye masa ba shi suke tausayi ba.

Na biyar, kafin a yi duk wannan, kwamiti ya nuna mana wuri ɗaya da aka gwada aka tabbatar, inda uwa za ta ɗebo wa jaririnta ruwa.

Ban nemi diyya ba, kuma ban nemi a hukunta kowa ba, don babu hukuncin da zai mayar da haƙoran Bahijja farare. An gaya mini Shugaba ne zai yanke ƙyallen buɗe famfunan ranar 2 ga Nuwamba. In har ranar ta zo ba a yi komai ba, ina sanar da kwamiti cewa zan zo wajen walimar. Ba zan yi hayaniya ba, ba zan ci mutuncin kowa ba, ba haka aka tarbiyyantar da ni ba. Bahijja tana cikin ɗaliban Islamiyyar da aka zaɓa su yi karatu a gaban baƙi, kuma malaminsu ya riga ya ce a mayar da ita layin baya saboda hoto. Zan kamo hannunta in kawo ta gaban Shugaba, in roƙe ta ta sauke hijabin daga bakinta, Shugaba ya duba da kyau. Bayan haka, in ya ga dama, sai ya murɗa famfon.

Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya, Ya ba shi ikon sauke nauyin da aka ɗora masa. Ina jiran amsa kafin randar ta ƙare.

Taka mai biyayya,

Sa'adiyya Gali
(Mahaifiyar Bahijja da Nazeer)

Abin da aka haɗa: kwafin sakamakon gwajin ruwa, da kwafin katin likitar haƙori.